Sa Hannun Mamaci

Kafin ku fara zagina a ƙasan wannan rubutun, ku bari in kai ƙarshe. Na san wasunku za su ce sakarci ne, wasu su ce son aure ne ya rufe min ido. Duk na yarda. Ni kaina na faɗa wa kaina abin da ya fi wannan ɗaci. Amma tunda na ɗauki waya na fara rubutawa, ba zan rage komai ba, har da inda ni ce mai laifi.

Sana'ata kati. Katin gayyata, katin godiya, katin barka, da albam na ajiye tarihi, irin wanda ake jera hotuna a yi musu ado da takarda mai launi da fure da rubutu. Ba inji ke buga min ba. Da hannuna nake sassaƙa hatimi a jikin roba, in dangwala shi a soson tawada, in danna a kwali ɗaya bayan ɗaya. Shagona ɗan tsurut ne a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinkin labule. Tebur ɗaya, kujera biyu, fanka mai surutu, sai akwatunan katako shida cike da hatimai: ganye, tsuntsu, wata, fure, haruffa manya da ƙanana. Duk wanda ya shigo sai ya ce wurin yana warin gam. Ni kam hancina ya daina ji.

A hannun Baba na gaji wuƙar sassaƙa. Shekara talatin ya yi yana sassaƙa hatimi a bakin titi, ga tebur ga lema, ba wanda ya taɓa jin kansa da kowa. Ina shekara goma sha biyar wani mutum mai kwat ya kawo masa samfurin hatimin wani ofis, ya ce shi ma'aikacin wurin ne, nasu ya lalace. Baba ya yi masa. Bayan wata biyu 'yan sanda suka zo da safe muna shan shayi, suka tafi da shi da takalmi ƙafa ɗaya. Mai kwat ba a sake ganinsa ba. Baba ya yi wata goma sha huɗu a gidan yari, ya dawo da hawan jini, da rawar hannu, da shiru. Mutumin da in ya fara ba'a sai Mama ta roƙe shi ya bari ta ci abinci, ya koma sai ya wuni bai haɗa magana biyar ba.

Tun daga nan sunan gidanmu ya zama gidan mai jabu. Yayata sai da aka fasa aurenta sau ɗaya kafin Allah ya kawo wanda ya ɗauke ta zuwa wani gari. Ni kuwa na kai ashirin da shida, duk wanda ya zo sai ya yi wata ɗaya yana zarya, daga nan wani a danginsa ya raɗa masa magana, sai in ga waya ta yi tsit.

Ranar da Baba ya miƙo min 'yar jakar wuƙaƙensa, hannunsa na rawa, ya ce, "Auta, ki sassaƙa fure, ki sassaƙa tsuntsu, ki sassaƙa duk abin da Allah ya ba ki basirarsa. Amma hatimin ofis da sa hannun mutum, ko uwarki ce ta durƙusa ta roƙe ki, kada ki yi."

Na ce, "To, Baba."

Shekara shida ina riƙe da wannan to ɗin.

Wata Talata da hantsi wani mutum ya shigo shagon. Farar riga ta sha guga har tana tsayawa da kanta, baƙin wando, agogo mai sarƙar azurfa, da turaren da ya kori warin gam ɗina daga shagon. Kowa Injiniya yake ce masa, kayan sola yake haɗa wa mutane. Ya yi sallama a hankali, ya ajiye wata ambulan mai ruwan ƙasa a kan teburina.

"An ce min ke ce mai iya mayar da hoto ya zama littafi."

"An dai yaba ni da yawa," na ce. "Na biki ne?"

"Na rashi ne." Ya sunkuyar da kai. "Yayana. Wata biyar ke nan, haɗarin mota. Mahaifiyarmu ta ƙi cin abinci, kullum sai ta zazzage hotunansa a kan gado. So nake a haɗa mata su wuri guda, ta samu abin rungumewa."

Ku faɗa min, wace mace ce zuciyarta ba za ta karye ba? Na buɗe ambulan. Hotuna arba'in da wani abu, daga na jariri zuwa na magidanci. Na lura an sa almakashi an yanke gefen wasu daga ciki, a ɗaya ma an bar yatsun mace a kan kafaɗar marigayin.

"Matarsa ce," in ji shi, da ya ga ina kallo. "Tunda ya rasu ta juya mana baya. Tsohuwa ba ta son ganinta."

Ban sake tambaya ba. Ina ruwana da cikin gidan mutane?

Sati uku aikin ya ɗauke ni, kuma kusan kullum sai ya leƙo. Ya zauna a kujera ta biyu yana kallo yana tambaya kamar ɗalibi. Na nuna masa yadda ba na shafa wa hoto gam kai tsaye, sai dai in yanko 'yan kusurwoyi na kwali in maƙale shi, don kada bayan shekaru ya yi ja. Na nuna masa yadda nake buga fure ɗaya, in rufe shi da takardar da na yanke daidai siffarsa, in buga ganye a kai, in ɗaga takardar sai ka ga ganyen ya koma bayan furen kamar a lambu. Ya ce wannan ai sihiri ne. Na ce sihirin almakashi ba.

Da yamma saƙonsa ya fara shigowa wayata.

"Mai sihiri, kin isa gida lafiya?"

"Na isa. Na gode."

"Kin wanke tawadar hannun ko in kawo sabulu?"

"Tawadar nan ba ta jin sabulu."

"To a bar min ita haka. Ni ta yi min."

Na kifa wayar a kan ƙirjina ina murmushi ni kaɗai kamar wata taɓaɓɓiya.

Ranar da ya ce yana son zuwa gida ya gaida manya, na ajiye wuƙa na dube shi. Na gaji da a ji daga bakin wasu. Na ce, "Akwai abin da ya kamata ka sani game da mahaifina."

Ya ɗaga hannu. "Na sani tun kafin in taka ƙofar shagon nan."

Wallahi sai da na shiga bayan labule na share hawaye. Na ɗauka ma'anar maganar ita ce, na sani kuma ban damu ba. Ban kawo wata ma'ana ba.

Ya zo gida ranar Asabar. Mama ta fito da labulen da take ɓoyo a ƙasan akwati, ta shimfiɗa darduma mai ruwan toka, ta goge kofunan gilashi har suna ƙara. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Sati na zagayowa ya zo da ma'aikatansa suka haɗa mana sola, fankar ɗakin Baba ta daina tsayawa. Ranar asibiti da kansa ya ɗauke shi a mota, ya riƙe masa hannu a matakala. Goggo, ƙanwar Baba da take zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ta riƙa leƙensa ta taga tana tafa hannu.

"Auta, wannan ko da igiya ne ki ɗaure shi. Irinsa ba ya faɗowa sau biyu a gida irin namu."

Baba kaɗai ne bai shiga murnar ba. Da na matsa masa, sai ya ce, "Yana da ladabi." Shi ke nan.

Saura shafi ɗaya albam ya kammala, Injiniya ya shigo da wata tsohuwar wasiƙa a cikin leda. Wasiƙar marigayin ce zuwa ga mahaifiyarsu tun yana makaranta, a ƙasa ga sa hannunsa, mai lanƙwasa biyu da doguwar jela kamar ta ƙadangare.

"Shafin ƙarshe," ya ce. "So nake ki fitar da wannan da ruwan zinare, irin mai tudun nan da kike yi a katin aure. Tsohuwa ta riƙa shafawa da yatsa tana jin hannunsa."

"Sai dai a liƙa wasiƙar kanta."

"Ta tsufa, za ta yage. Kuma tawadar ta koɗe."

"To a ɗauki hotonta a wanke."

"Hoto ba ya da tudu. Idonta ya yi rauni, da hannu take gani."

Na ce masa mai tudun sai da hatimi, ni kuma ba na sassaƙa sa hannun mutum. Na faɗa masa dalili. Ya juya makullin mota a yatsa, sannan ya miƙe.

"Na ɗauka kin ɗauke ni ɗan gida. Ashe har yanzu mai kwat kike gani in kin kalle ni."

Ya fita. Kwana uku ba kira, ba saƙo. Na tura "Ina kwana", alama ta nuna ya karanta, shiru. Na tura "Fushi kake?", shiru. A rana ta uku Mama ta tsare ni a kicin ina wanke-wanke, Goggo na tsaye a bakin ƙofa da hannu a ƙugu.

"Me kika yi masa?"

Na faɗa musu. Goggo ta yi tsaki mai tsawo.

"Sa hannun mamaci? Mamaci zai je banki ne? Ke wai tsoron ubanki kika gada har da na inuwa?"

Mama ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta iya ba. Ta ce, "Auta, uwa ce ke kukan ɗanta. Ba ofis ba ne, ba hukuma ba ce. Ni dai kada ki sa in sake zama ina ba maƙwabta amsar ina wancan ya tafi. Na gaji, wallahi na gaji."

"Baba ya ce..."

"Babanki ba sai ya ji ba."

Ba zan ɗora musu ba. Su suka tura, amma ƙafata ce ta taka. Ina son sa, kuma ina tsoron wayar nan ta sake yin tsit.

Washegari na rufe ƙofar shago rabi. Na ɗora takarda mai shara-shara a kan wasiƙar, na bi sa hannun da fensir mai laushi, layi bayan layi. Na kifa takardar a kan farar roba, na goga bayanta da cokali har zanen ya koma jikin robar a juye, don duk abin da za a buga a juye ake sassaƙa shi. Sannan na ɗauki ƙaramar wuƙar Baba, mai baki kamar tsinken allura. Ba a yanka roba a miƙe, a karkace ake yi, gindin layi ya fi samansa faɗi, in ba haka ba ya karye a bugun farko. Awa huɗu ina sunkuye. Ina kan jelar nan wayata ta yi ƙara a kan tebur, na zabura ina zaton shi ne, wuƙa ta zame ta ciji layin. Ɗan giɓi, bai kai ƙwayar riɗi ba. Wayar kuma ba shi ba ne, kamfanin layi ne ke tallar waƙa.

Na gwada a littafin gwajina, inda nake buga kowane sabon hatimi in rubuta kwanan wata da mai shi. Giɓin ya fito, amma sai wanda ya san da shi zai gani. Na buga a shafin ƙarshe da tawada mai danƙo, na barbaɗa garin zinare, na karkaɗe ragowar, na hura masa zafi da 'yar na'urata daga ƙasan kwalin. Garin ya narke, ya taso, ya yi sheƙi. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci min rai yanzu.

Na ɗauki hoto na tura masa. Minti ɗaya bai cika ba ya kira.

Da ya zo karɓa har da hawaye. Yana rungume da albam ya ce, "Robar fa? Ba ni ita, tsohuwa ta ajiye a cikin kayansa. Bai kamata ta zauna a shago cikin tsuntsaye ba."

Na ga kamar ma ya fi ni hankali. Na naɗe ta a takarda na ba shi.

Bayan wata biyu manya suka zauna aka tsayar da rana. Katin aurena ni na yi da hannuna, guda ɗari uku, kwali mai ruwan madara, reshen ganye kore a gefe, haruffan sunayenmu da zinare, siririn zare na siliki ɗaure a tsakiya. Goggo ta raba fiye da rabi, ta fara da gidajen da suka fi yi da mu. Mama ta yi ƙiba. Har Baba na ji yana yi wa kyanwar gidanmu magana.

Saura kwana goma sha tara, ranar Litinin da azahar, wata mata ta yi sallama a shago. Doguwa ce, ramammiya, cikin doguwar riga baƙa da mayafi mai ruwan toka wanda ya sha wanki, jakarta ta koɗe a wurin mariƙi. Alli ya yi fari a gefen hannunta.

"Kati nake so guda ashirin da takwas," ta ce. "Ƙanana. Na ban kwana da 'yan ajina."

"Canjin makaranta aka yi miki, Malama?"

"Garin zan bari."

Na fito mata da akwatin tsuntsaye da na taurari. Ta zaɓi wani ɗan tsuntsu mai buɗaɗɗen fiffike. Ta ce kowane kati da sunan yaro, ta miƙo min jerin sunaye. Ina rubuta adireshin da zan kai mata, na ce, "Yaran za su yi kewarki."

Sai ta zauna a kujera ta biyu kamar an zare mata ƙashi.

"Nawa yaran uku ne," ta ce. "Gidan da muka gina da mijina, ni da shi, bulo bayan bulo, an ce ba namu ba ne. Wai ya sayar wa ƙaninsa wata shida kafin ya rasu. Mutumin da ko takalmi zai saya sai ya tambaye ni launi." Ta buɗe jakar ta zaro takardu uku, kwafi ne. "Ke mai aikin rubutu ce. Duba min don Allah. Kowa ya ce hannunsa ne. Ni ma na ga hannunsa ne. Amma zuciyata ta ƙi."

Na karɓa don kada in yi mata rashin kara.

Lanƙwasa biyu. Doguwar jela. Na jawo gilashin ƙara girma daga aljihun tebur. A takarda ta farko, kusa da ƙarshen jelar, ga ɗan giɓi. A ta biyu, ga shi. A ta uku, ga shi, wuri ɗaya, girma ɗaya. An bi ta kai da biro don ya yi kama da rubutun hannu, amma biron bai rufe cizon wuƙata ba. Ba ɗan Adam ɗin da zai sa hannu sau uku iri ɗaya sak. Roba ce kaɗai ke yin haka.

Fanka na ta surutu. Mai gyaran waya na dariya da wani a waje. Matar nan ta zuba min ido.

Kun san abin da na ce? Na ce, "Gaskiya ban san kan irin wannan ba, Malama."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta tattara takardunta, ta ce ranar Alhamis za a zauna a kotu, katin kuma tana so kafin nan. Ta fita. Ni kuwa na durƙusa a bayan tebur na yi amai a kwandon yankakkun takardu.

Na tura wa Injiniya saƙo.

"Ina robar da na ba ka?"

"Wace roba, amarya?"

"Matar yayanka ta zo shagona. Na ga takardun."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Gidan nan da guminmu aka gina shi, ba ki san komai ba. Kuma a cikinsa za ki zauna."

"Marayu uku za ka fitar titi."

"Ki iya bakinki."

"In na ƙi fa?"

"To ki tuna wa ya sassaƙa. Ni ko fensir ban iya feƙewa ba. 'Yar wa za a ce ta yi? Alƙali ma ba sai ya yi dogon bincike ba, sunan gidanku ya ishe shi."

Wani ya biyo baya: "Ina son ki. Kada ki ɓata mana."

Na karanta ya fi sau ashirin. Sai a lokacin na gane abin da ya sani tun kafin ya taka ƙofar shagona. Ba ni ya zo nema ba. Hannun gidanmu ya zo nema, da sunan da zai ɗauki laifin in ta ɓaci.

Na tarar da Mama tana ninke kayan da aka ɗinko min, Goggo na gwada wani mayafi a gaban madubi. Na rufe ƙofar ɗakin don kada Baba ya ji daga falo, na miƙa wa Mama wayar. Ta karanta, ta zauna a bakin gado, rigar da ke hannunta ta zame ƙasa.

Goggo ta fizge wayar. Da ta gama sai ta ce, "To, sai me?"

"Goggo!"

"Na ce sai me? Rigimar gadonsu ce. Ke kika kashe shi? Ke kika kai takarda kotu? Kin yi ado a littafi, an biya ki, magana ta ƙare."

"Hannuna ne a takardar."

"Wa ya sani? Ke da Allah."

"Ai shi ne, Goggo."

Ta nuna ni da yatsa. "Kati ɗari da saba'in na raba da ƙafata. In kika buɗe baki, ba aure kaɗai za ki rasa ba. Ɗaure ki za su yi. A ce uba ya shiga, 'ya ta shiga. Wa zai sake kallon gidan nan?"

Na juya wurin Mama. Ita nake jira. Hawaye na bin fuskarta ba ta share ba.

"Ni na ce ki yi," ta ce a hankali. "Alhakin a wuyana yake. Amma Auta, likita ya ce jinin babanki ba ya son tashin hankali ko kaɗan. In ya ji kin taɓa abin da ya hana ki, in ya ga 'yan sanda a ƙofar nan karo na biyu, gawarsa za mu ɗauka. Ki bari a wuce Alhamis. Bayan nan in kin ce ba kya auren, ni zan tsaya miki."

"Bayan Alhamis yaran suna titi, Mama."

Ta ɗauki rigar daga ƙasa ta ci gaba da ninkewa, ta ninke ta warware, ta ninke ta warware.

Da na fito Baba na zaune a falo, rediyo a cinyarsa ba a kunne ba. Ya dube ni ya ce, "Idonki ya yi ja."

Na ce, "Garin zinare ne ya shiga."

Ya gyaɗa kai. Ban taɓa yi masa ƙarya ido da ido ba sai ranar.

Talata na wuni a kan katunan Malama. Tsuntsu ashirin da takwas, shuɗi a kan farin kwali. Ana danna hatimi ne sau ɗaya a ɗaga, ba a jijjiga shi, amma ranar sai da na lalata goma sha ɗaya. Ina rubuta sunayen yaran mutane ina tunanin nata ukun da ban san sunansu ba. Injiniya ya kira sau tara ban ɗauka ba. Ya turo hoton labulen da ya saya wa ɗakina. A gidan marayun nan.

Laraba da safe na sa doguwar rigata mai ruwan ƙasa, na yafa mayafi, na zuba katunan a ambulan. Na tsaya a gaban tebur na daɗe. Sannan na ɗauki littafin gwajina na tura cikin jaka. Ko a lokacin ban yanke shawara ba. Na ce wa kaina kati kawai zan kai.

Gidan Malama yana ƙarshen wani layi, mai ƙofa kore da bishiyar lemo a tsakar gida. Kwalaye jere a baranda, an rubuta a jikinsu da alli: littattafai, kicin, kayan Abba. A jikin bangon falo ga zane-zanen fensir inda ake auna tsawon yara, layi uku suna hawa. Wata 'yar yarinya mai kamar shekara huɗu tana zaune a kan kwali tana cire wa 'yartsana takalmi.

Malama ta karɓi ambulan, ta duba katunan ɗaya bayan ɗaya, ta ce sun yi kyau. Ta juya za ta shiga ciki.

"Malama."

Ta tsaya.

"Ni ce." Na matsa kusa da ita. "Sa hannun mijinki. Ba shi ya sa ba. Roba ce, kuma ni na sassaƙa ta. An ce min na albam ne. Ni ce wadda ƙaninsa zai aura."

Na jira mari. Na jira ihu. Wallahi da ta mare ni da na ji sauƙi.

Ta ajiye katunan a kan kwali.

"Na sani," ta ce. "Na je gaida surukata na ga albam ɗin a kan gadonta, na ga zinaren, na ga sunan shagonki a bangon baya. Katin aurenku ma yana kan teburinta. Ban je wurinki don tsuntsaye ba. Na je in ga ko ɓarauniya ce ke ko wawuya."

"Wace kika gani?"

"Ranar Litinin na tafi da cewa ɓarauniya ce." Ta share ido da gefen mayafi. "Lauyana ya ce maganata ba hujja ba ce sai wanda ya yi aikin ya tsaya gaban alƙali da bakinsa. Ya kuma ce in gaya miki gaskiya, in kin tsaya, ba shi da tabbacin za ki koma gida ranar. Ba zan roƙe ki ba. Ina da 'ya'ya, ke ma kina da iyaye."

Na buɗe baki ke nan wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Saƙo ne, hoto.

Falonmu ne. Baba na zaune a kujerarsa da rediyo a cinya, Injiniya a durƙushe a gefensa cikin farar riga, ya dafa masa gwiwa, yana yi wa kyamara murmushi. A ƙasa ya rubuta:

"Na zo gaida surukina. Mai gyaran waya ya ce min kin fita da jaka. Minti talatin. In ban gan ki ba, zan ba shi labarin aikin da 'yarsa ta yi da wuƙarsa, in ga yadda jininsa zai ɗauka."

Malama ta ga fuskata, ta ce, "Lafiya?"

Na zaro littafin gwajin, na buɗe shafin da ke da kwanan wata da sunansa da rubutun hannuna, na danƙa mata a hannu biyu.

"Ki kai wa lauyanki yanzu, kada ki jira ni. Gobe ƙarfe nawa?"

"Tara."

"Zan zo."

Na fita da gudu mayafina na jan ƙasa, ina tare abin hawa da hannu biyu, ina kiran lambar Mama. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. A kira na huɗu aka ɗauka, amma ba muryar Mama ba ce.

Baba ne. Ya ce, "Auta, kada ki yi sauri. Ya riga ya faɗa min."

Sai na ji ƙarar faɗuwar rediyo, da salatin Mama.